Haƙƙin ma'aikacin lafiya idan za a sallame shi daga aiki saboda jarrabawar lasisi

Ba sabon abu ba ne a Sakkwato ma'aikacin lafiya ya karɓi takarda daga ofishin gudanarwa cewa ya kawo shaidar rajista ko lasisinsa kafin rana kaza, in ba haka ba ya ajiye aiki. Wani ya faɗi jarrabawar hukumarsa ne, wata ta ci amma takardar ba ta fito ba, wani kuma lasisin ne ya ƙare bai sabunta ba. Da yawa sukan tattara kayansu su tafi ba tare da sun tambayi komai ba, saboda a ganinsu wanda ya faɗi jarrabawa ba shi da bakin magana.

Doka ba haka ta ce ba. Lasisi yana hannun hukumar da ke kula da sana'a, aiki kuma yarjejeniya ce tsakaninka da wanda ya ɗauke ka. Faɗuwa jarrabawa tana hana ka duba marar lafiya a matsayin da ke buƙatar lasisi, kuma tana iya zama dalilin ƙarewar aikin. Amma ba ta soke haƙƙinka na notis, da sanin dalili, da kare kanka, da karɓar kuɗin aikin da ka riga ka yi. Bayanin da ke tafe ya shafi namiji da mace, ma'aikacin gwamnati da na asibitin kuɗi.

Muhimman abubuwa a taƙaice

- Yin aikin likita, jinya, ungozoma ko harhaɗa magunguna ba rajista laifi ne, ko da asibiti ne ya ce ka ci gaba.
- Faɗuwa jarrabawa ba rashin ɗa'a ba ce. Kawo takardar jabu ko ɓoye sakamako kuwa rashin ɗa'a ne babba.
- Sallama daban, kora daban. Bambancinsu yana shafar kuɗinka da sunanka.
- Ƙarfin kariyarka ya danganta da irin takardar da aka ɗauke ka aiki da ita.
- Idan hukumar gwamnati ce ta sallame ka, ka ga lauya tun kafin wata 3 ya cika.

Hukumomin da ke ba da lasisi

Takarda uku ce ake yawan rikitawa: shaidar kammala makaranta, rajista, da lasisin aiki. Makaranta ce ke ba da ta farko. Rajista tana nufin sunanka ya shiga kundin hukumar sana'arka. Lasisi kuma izini ne mai wa'adi, wanda ake sabuntawa bayan an biya kuɗi an kuma cika sharaɗin ƙaro ilimi. Mutum zai iya riƙe ta farko bai da ta biyu, ko ya riƙe ta biyu alhali ta uku ta ƙare.

Likitoci da likitocin haƙori suna ƙarƙashin hukumar MDCN. Wanda ya gama a jami'ar Najeriya da hukumar ta amince da ita yana samun rajistar wucin gadi, ya yi aikin sanin makama na wata 12, sannan a ba shi cikakkiyar rajista. Rajistar wucin gadin tana da wa'adin shekara 2, kuma wanda ya bari ta ƙare bai kammala aikin ba yana iya fuskantar jarrabawar tantancewa. Wanda ya yi karatu a waje, kamar Sudan, Masar, Indiya ko Yukren, sai ya ci wannan jarrabawa kafin ya samu ko da rajistar wucin gadi. Lasisin likita duk shekara ake sabunta shi.

Ma'aikatan jinya da ungozomomi suna ƙarƙashin NMCN, wadda dokar 1979 ta kafa. Cin jarrabawar makaranta bai isa ba, sai an ci ta hukumar. An daɗe ana cire ɗalibin da ya faɗi jarrabawar hukumar sau uku, amma a watan Satumba na 2025 hukumar ta sanar da soke wannan ƙa'ida, ta ba da damar maimaita ɓangaren da aka faɗi bisa wasu sharuɗɗa.

Masana harhaɗa magunguna suna ƙarƙashin PCN, wadda ke aiki da sabuwar dokar 2022. Bayan shekara ɗaya ta sanin makama akwai jarrabawar da ake yi kafin cikakkiyar rajista. Masana ɗakin gwaje-gwaje suna ƙarƙashin MLSCN, mai dokar 2003.

Ma'aikatan lafiyar al'umma, wato CHO, CHEW da JCHEW, hukumarsu ita ce CHPRBN, wadda aka kafa a 1992. Su ne ke riƙe da mafi yawan ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar, kuma da yawansu sun fito ne daga kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. Su ma takardar kwaleji ba ta wadatar sai da ta hukumar.

Abin da rashin lasisi ke hanawa

Babu shugaban asibiti, kwamishina ko mai asibitin kuɗi da ke da ikon ba ka izinin yin aikin da hukumar sana'a ba ta ba ka ba. Idan ka rubuta magani, ka karɓi haihuwa ko ka sa hannu a sakamakon gwaji ba rajista, kai da wurin aikin kun shiga hannun doka. In kuma wani abu ya samu marar lafiya, rashin lasisin ne abu na farko da za a duba. Don haka asibitin da ya janye ka daga ɗakin marasa lafiya har sai takardarka ta fito bai zalunce ka ba, wajibinsa ya sauke.

Janye mutum daga duba marasa lafiya mataki ne guda, raba shi da aiki kuma wani mataki ne daban mai nasa ƙa'idojin. A tsakaninsu akwai hanyoyi da dama: hutun karatu da albashi ko ba albashi, mayar da mutum sashen da ba ya buƙatar lasisi, kamar adana bayanai ko ɗakin ajiya, ko ƙara masa wa'adi zuwa zama na gaba na jarrabawar. Doka ba ta tilasta wa kowane mai ɗaukar aiki bin waɗannan hanyoyi ba, sai in suna cikin ƙa'idojin aikin wurin. Amma kana da damar nema a rubuce, kuma amsar da aka ba ka tana iya yi maka amfani daga baya.

Wane irin aiki aka ɗauke ka?

Kotunan Najeriya suna raba aiki gida-gida, kuma gida biyu ne suka fi shafar ma'aikatan lafiya.

Na farko shi ne aikin da doka ta tsara yadda ake ɗauka da yadda ake cirewa. Nan ne ma'aikatan dindindin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware suka faɗo, haka ma ma'aikatan gwamnatin jiha da aka tabbatar wa aiki, irin na Asibitin Ƙwararru, Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da Asibitin Noma. Dokar 1985 da ta tsara hukumomin gudanarwar asibitocin koyarwa na tarayya ta ce kafin a cire babban ma'aikaci saboda rashin ɗa'a ko gazawa a aiki, sai an sanar da shi dalilan, an ba shi damar yin bayani gaban hukumar gudanarwa, kuma in ya nema a kafa kwamitin bincike da zai saurare shi. Ma'aikatan jiha kuma ƙa'idojin aikin gwamnatin jiha ne ke bin kansu.

A irin wannan aiki, tsallake mataki ɗaya yana iya rushe sallamar gaba ɗaya. Kotun Ƙoli ta kafa wannan a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. A 2009 kuma ta ba da umarnin mayar da malaman Jami'ar Ilorin 49 da aka sallama a 2001, tare da biyan su albashin shekarun da suka yi a waje. Sai dai a lura: kotu tana iya rushe sallama, amma ba za ta ba ka lasisi ba. Wanda aka mayar bakin aiki bai da rajista, har yanzu ba zai duba marar lafiya ba, kuma hukumar asibiti tana iya sake bin matakan daidai ta sallame shi.

Na biyu shi ne aikin yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki: asibitocin kuɗi, shagunan magani, ɗakunan gwaji, ƙungiyoyin agaji, da aikin kwantiragi ko na wucin gadi ko da a asibitin gwamnati ne. A nan takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata su ne madogara. Kotu ba kasafai take tilasta wa mai asibiti ya mayar da ma'aikaci ba. Abin da aka fi samu shi ne diyya.

Wanda ke lokacin gwaji, wato ba a tabbatar masa da aiki ba tukuna, kariyarsa ta fi rauni a kowane gida. A aikin gwamnatin tarayya lokacin gwaji shekara 2 ne. Duk da haka dole a bi abin da takardarsa ta tanada game da notis.

Bambancin sallama da kora

Sallama ita ce kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki ta hanyar ba da notis ko biyan albashin da ya maye gurbinsa. Wanda aka sallama yana fita da haƙƙoƙinsa, kuma babu tabo a sunansa.

Kora hukunci ce a kan laifi babba, irin su sata, jabun takarda ko barin aiki ba izini. Ba ta buƙatar notis, tana jawo asarar wasu haƙƙoƙin barin aiki, kuma a aikin gwamnati tana iya toshe wa mutum hanyar sake samun aiki.

Mutumin da ya zauna jarrabawa da gaskiya ya faɗi bai aikata laifi ba. Abin da ya same shi rashin cika sharaɗin aiki ne, kuma abin da ya dace da shi, in har aikin zai ƙare, sallama ce. Idan takardar da aka ba ka ta ce an kore ka saboda rashin ɗa'a alhali faɗuwa jarrabawa ce kaɗai dalili, wannan abin ƙalubalanta ne ko da ba ka son komawa wurin, domin takardar za ta bi ka duk inda ka nemi aiki.

Lamarin yana juyawa idan ma'aikaci ya ce yana da rajista alhali ba shi da ita, ya kawo lasisin wani, ya gyara kwanan wata a tsohon lasisi, ko aka kama shi da satar amsa. Nan kora ta halatta bayan an saurare shi, kuma maganar tana iya kaiwa ga 'yan sanda da kwamitin ladabtarwa na hukumar sana'a.

Notis nawa ya kamata a ba ka?

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ajiye mafi ƙarancin notis kamar haka:

- kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 a aiki ba;
- mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba;
- mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba;
- wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye.

Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya kasance a rubuce. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki.

Akwai wani abu da da yawa ba su sani ba. Sashe na 91 na dokar ya fitar da masu aikin gudanarwa, na fasaha da na ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da dokar ke karewa. Saboda haka likita, nas ko masanin magunguna ba zai dogara da waɗannan alƙaluma kai tsaye ba. Abin da ke takardar ɗaukarsa shi ne abin bi, yawanci wata 1 ko wata 3. Idan takardar ba ta ce komai ba, ko ma babu takardar, kotu tana duba notis ɗin da ya dace da matsayin mutum da daɗewarsa. Rashin takarda ba ya nufin babu yarjejeniya: shaidar shigar albashi a banki, jadawalin aiki da katin shaida duk hujja ne.

Sanin dalili da damar kare kai

A da, ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce mai ɗaukar aiki mai zaman kansa yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba da notis. Gyaran kundin tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a 2011, ya ƙara sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraren duk shari'ar aiki da kuma duba abin da ake ɗauka adalci a harkar ƙwadago a duniya. Tun daga nan kotun ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba rashin adalci ne. Tana kafa hujja da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, duk da cewa Najeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta rattaba. Manyan kotuna ba su tsaya a kan magana ɗaya ba game da iyakar wannan sauyi, don haka kowace shari'a da yadda take kaya.

Yarjejeniyar ta yarda da dalilin da ya shafi iyawar ma'aikaci, halayensa, ko buƙatar wurin aiki. Rashin lasisin da doka ta wajabta yana shiga cikin na farko. Gaskiyar magana ita ce, idan takardar ɗaukarka ta ce sai ka kawo rajista cikin wata 6, ka sa hannu, aka ba ka wata 6 ɗin, ba ka kawo ba, to dalilin sallamar yana da ƙarfi. Inda ma'aikaci ke samun abin kamawa shi ne a irin waɗannan wurare:

- Sharaɗin jarrabawar ba ya cikin takardar ɗaukar aiki, daga baya aka ƙirƙiro shi ba tare da isasshen lokaci ba.
- Aikin da kake yi ba ya buƙatar lasisin da ake nema.
- An sallame ka kafin wa'adin da aka ba ka ya cika, ko kafin sakamako ya fito.
- Wurin aikin ne ya hana ka hutun zuwa jarrabawa, ko ya ƙi sa hannu a takardun da hukumar ke buƙata.
- An ƙyale wasu masu matsala irin taka, kai aka sallame ka.
- An fake da jarrabawa ne, ainihin dalilin kuwa juna biyu ne, ko aikin ƙungiya, ko ƙorafin da ka taɓa kaiwa.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini ko asali. Dokar 2018 ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, dokar 2014 kuma ta hana hakan ga masu ɗauke da cutar HIV. Dokar Ƙwadago ta hana ba mace notis tana cikin hutun haihuwa. Idan rashin lafiya ko haihuwa ce ta hana ki zama jarrabawa, ki kai rahoton likita ofis a kan lokaci, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Idan ka ci jarrabawa amma takarda ba ta fito ba

Wannan ya bambanta da faɗuwa. Jinkirin buga lasisi, kuskuren suna ko matsalar shafin intanet na hukumar ba laifinka ba ne. Ka buga sakamakonka, rasit ɗin biyan kuɗi da duk wasiƙar da ka aika wa hukumar, ka haɗa da takardar neman ƙarin lokaci. Ka roƙi wurin aikinka ya rubuta wa hukumar da kansa don tabbatarwa. Sallamar mutumin da ya nuna duk wannan tana da wuyar karewa a kotu. Wanda kuwa sakacinsa ne ya sa lasisi ya ƙare, gyaran yana hannunsa: ya biya kuɗin da tarar jinkiri, ya cika makin ƙaro ilimi, ya sanar da ofis a rubuce ranar da yake sa ran kammalawa.

Likitoci masu neman ƙwarewa

Jarrabawar ƙwarewa ba jarrabawar lasisi ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, da kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ta likitocin tiyata da ta likitocin magani, su ke shirya ta a matakai uku: share fage, kashi na ɗaya, da kashi na biyu. Kowace kwaleji tana zama sau biyu a shekara. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ce ke tsara shirin, kuma gurbin horon mai wa'adi ne. Likitan da bai ci kashi na ɗaya ko na biyu cikin lokacin da aka ɗiba ba, asibitin koyarwa yana iya cire shi daga shirin.

Cirewar ba ta taɓa rajistarsa ta MDCN. Yana nan likita, yana iya aiki a ko'ina. Likitan da gwamnatin Sakkwato, Kebbi ko Zamfara ta turo horo, aikinsa na asali yana nan a jiharsa, can zai koma. Abin da ya kamata ya bincika shi ne yadda aka ƙirga wa'adin: shin an cire watannin yajin aiki, hutun haihuwa, doguwar jinya, ko lokacin da sashensa ya rasa amincewar kwaleji? Reshen ƙungiyar NARD na asibitin ne wurin fara wannan magana.

Kuɗaɗen da ke bin ka

Ko ta wace hanya aikin ya ƙare, albashi da alawus na kwanakin da ka riga ka yi aiki haƙƙinka ne. Idan sallama ce, akwai kuɗin notis in ba a ba ka notis ɗin ba, kuɗin hutun da ba ka ci ba in ƙa'idojin wurin sun tanada, da garatuti in yana cikin yarjejeniya.

Kuɗin da ke asusun fanshonka na tsarin Dokar Fansho ta 2014 naka ne, kora ma ba ta cinye shi. A wannan tsari mai ɗaukar aiki yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Ka duba ko an zuba duk abin da aka yanka daga albashinka. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi dokar fanshon jiha ce ke bin kansu.

Takardun shaidarka na asali mallakinka ne, ka nemi a mayar maka da su. Wanda gwamnati ko asibiti ya ɗauki nauyin karatunsa bisa sharaɗin zai yi aiki na wasu shekaru, ya karanta yarjejeniyar da kyau, domin wasu suna neman a mayar da kuɗi idan aikin ya ƙare kafin lokaci.

Matakan da za ka bi idan takarda ta iso

1. Ka karɓa, ka rubuta rana da lokacin karɓa. Ƙin karɓar takarda ba ya tsayar da komai.
2. Ka daina duk aikin da ke buƙatar lasisin da ba ka da shi, amma kada ka daina zuwa aiki sai an umarce ka a rubuce. Rashin zuwa aiki laifi ne mai zaman kansa.
3. Ka tara takardunka: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ƙa'idojin ma'aikata, shaidar albashi, sakamakon jarrabawa da rasit.
4. Ka amsa takardar tuhuma cikin wa'adin da aka rubuta, sau da yawa awa 24 zuwa 72. Ka faɗi gaskiya, ka ambaci ranar zama na gaba, ka bayyana abin da kake roƙo.
5. Ka sanar da ƙungiyarka: NMA ko NARD ga likitoci, NANNM ga ma'aikatan jinya da ungozomomi, MHWUN ga sauran ma'aikatan lafiya da dama. Ka nemi wakili ya raka ka gaban kwamiti.
6. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki don an ce hakan zai rufa maka asiri, sai ka yi shawara. Kotu ta san ajiye aiki na tilas, amma tabbatar da shi yana da wuya.
7. Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka ba ka da sauran magana kafin lauya ya gani. Karɓar kuɗin sallama ba tare da nuna rashin amincewa ba yana iya raunana ƙararka.

Inda ake kai ƙara a Sakkwato

Ka fara da cikin gida: takardar koke zuwa ga shugaban asibiti, hukumar gudanarwa, hukumar kula da asibitocin jiha ko hukumar ma'aikata, gwargwadon wanda ya ɗauke ka. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar yana sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana bincike kyauta, amma ba ta karɓar koken da ya wuce wata 12. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi.

Shari'ar aiki ba ta babbar kotun jiha ba ce, ba ta kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba ce. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumi, tana kuma da reshe a Sakkwato da tsarin sulhu ga masu son a daidaita. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Maganar lokaci tana da muhimmanci ƙwarai. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce a shigar da ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati cikin wata 3. Hukunce-hukuncen kotuna sun saɓa a kan ko wannan wa'adi ya shafi shari'ar aiki, saboda haka abin da ya fi aminci shi ne a ɗauka ya shafe ta. Jiran amsar takardar koke ba lallai ya tsayar da ƙirgen ba. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a maka su kotu.

Ƙorafi a kan sakamakon jarrabawar kansa hukumar sana'a ake kai wa. Asibiti ba shi da ikon canza maki, Kotun Ma'aikata ma ba ta duba takardar amsa.

Ga masu asibitoci da shugabannin sassa

A tantance rajista kafin a ɗauki mutum. In za a ɗauke shi yana jiran sakamako, a rubuta sharaɗin da wa'adin a takardar ɗauka, a kuma fayyace aikin da zai yi kafin lasisi ya fito. A tunatar da ma'aikata lokacin sabuntawa, a ba su hutun jarrabawa. Idan sallama ta zama dole, a rubuta ainihin dalilin, a ba da notis, a biya haƙƙi. Asibitin da ya bar mutum yana duba marasa lafiya shekara da shekaru ya san ba shi da rajista, sannan rana ɗaya ya kore shi da sunan rashin ɗa'a, ya buɗe wa kansa ƙofar tambayoyi daga kotu da hukumar sana'a baki ɗaya.

Kula da lafiyarka a wannan lokaci

Faɗuwa jarrabawa da barazanar rasa aiki a lokaci guda nauyi ne babba, musamman ga wanda iyali suka dogara da shi. Rashin barci, faɗuwar gaba da rashin son abinci na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani. Idan baƙin ciki, yanke ƙauna ko kasa yin harkokin yau da kullum ya kai mako 2, ka ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, akwai kuma asibitin Kware. Tunanin cutar da kai yana buƙatar ganin likita a ranar. Ka guji shan maganin barci ko na rage zafi da kanka don kawai yana kusa da hannunka a wurin aiki. Ka gaya wa wani na kusa halin da kake ciki, ka kuma yi rajistar zama na gaba da wuri, domin yawancin waɗannan jarrabawoyi ana maimaita su.

Wannan bayani na faɗakarwa ne, ba ya maye gurbin shawarar lauya a kan takardunka. Ƙa'idojin hukumomin lasisi suna canzawa, don haka ka tabbatar da sharaɗin da ke aiki yanzu daga hukumarka kafin ka ɗauki mataki.